Garin da Kiyashi Ba Ya Ci

Kafin motar da ta ɗauki tsohon ta fita daga layin, makwabta sun riga sun samo ɓarawonsu, sun yanke masa hukunci, har sun fara zartarwa.

Autar gidan ce ta dawo daga kasuwa da rana tsaka, ta tarar da mahaifinta kwance baki buɗe, leɓɓansa sun yi baƙi, injin da ke ba shi iskar numfashi ya yi tsit. An ɗauke wuta tun safe, amma wannan bai taɓa shafar ɗakin tsohon ba, don yana da layinsa shi kaɗai daga batiran sola. Da ta leƙa lungun da ke tsakanin gidansu da gidan burodi, sai ta ga bango tsirara. Wayar jan ƙarfen da ke bin bangon zuwa ɗakin, an datse ta an yi gaba da ita. A ƙasa kuwa wani farin gari ya zuba, ya ja layi har bakin lungu, daidai inda mai gwangwan ya saba jingine baronsa na tsofaffin ƙarafa ya ɗan runtsa.

Da gora aka tashe shi daga barcin.

Auta ta bar gwaggonsu a wajen tsohon a asibiti, ta biya ta ɗauko Mai-Sawu. Abokin mahaifinta ne tun ƙuruciya. A da shanun sata yake bi cikin daji, yanzu da gwiwoyi suka gaji sai ya koma bin sawun mutane a kan siminti, yana cewa shanu sun fi su gaskiya. Dogo ne, da sanda, ga gajen haƙuri.

Ya tarar da layin cike. An jefa mai gwangwan cikin wani shago da ba kowa, an sa kwaɗo, an damƙa wa Auta makullin. Ta ƙarƙashin ƙofar ana jin nishinsa.

"Wa ya ga ya yanka?" in ji Mai-Sawu.

"Ai ga gari nan har gindin baronsa!" in ji wani tela, almakashi a hannu.

"Ban tambaye ka gari ba. Na ce wa ya gani?"

Mutane suka kalli juna. Mai-Sawu ya sake tambaya.

"An sami wayar a baron?"

"Ya riga ya miƙa wa abokan satarsa."

"Yana barci ya miƙa? To, sannunku da aiki. Alƙalai sun cika layi, shaida ko ɗaya babu."

Sai babban ɗan tsohon ya matso, wanda kowa ke kira Yaya, mutum mai sanyin murya, rigarsa fes ta sha guga. A saman benen gidan yake zaune. Ya rusuna ya gaishe da Mai-Sawu.

"Baffa, da ba ta wahalar da kai ba. Ni ina sama ina barci, ihun Auta ne ya tashe ni. Talauci ne ya ja bawan Allahn nan. Ya sha dukan da ya ishe shi. Ni dai na yafe masa. A sake shi ya bar unguwar, a rufe maganar."

Mutane suka ɗauki yabo. Wata mata ta ce irin wannan zuciya sai an tona.

Mai-Sawu ya sa aka buɗe shagon, ya shiga shi kaɗai. Mai gwangwan na rakuɓe a kusurwa, ya rungume hannunsa na dama, fuska ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

"Baba, wallahi ko lungun ban shiga ba. Ni saye nake yi, ba na sata."

"Buɗe tafin hannunka."

Ya buɗe na hagun. Baƙin mai da tsatsa ne har cikin farce, ba ɗigon fari ko ɗaya. Mai-Sawu ya ɗaga silifas ɗinsa ya duba ƙasansu, ya ajiye. Sannan ya fita.

* * *

Lungun siriri ne, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Mai-Sawu ya tare bakinsa da sanda ya hana kowa shiga, sai mai wayarin, wato ma'aikacin lantarkin da ya yi aikin gidan, wanda aka riga aka jawo shi. Shi ma ana yi masa kallon banza, don an ga farin gari a gwiwar wandonsa.

"Kai ma ga shi a jikinka," in ji Mai-Sawu.

"Yaushe ba ya jikina, Baba? Daga wani aikin aka kira ni, irin wayar nake sakawa. Ka tambayi masu gidan, tun safe ina can."

"Zan tambaya. Wace irin waya ce mai gari a ciki?"

Mai wayarin ya kama guntun da ya rage a bango, kaurinsa kamar ɗan yatsa. "Bututun jan ƙarfe ne. Wayoyin suna ciki tsirara, ba roba ko kaɗan, wannan farin garin na dutse ne aka danƙara ya raba su. Ba ta cin wuta, ɓera ba ya cin ta. Tun da wayar roba ta narke ta ƙone musu silin, tsohon ya ce shi ba zai mutu a gasshe ba, a sa masa wadda za ta fi shi daɗewa. Ni na ja ta da hannuna." Ya shafa guntun. "Dubi abin da aka yi mata."

Mai-Sawu ya duba. A bakin guntun akwai shacin wuƙa barkatai, kamar an yi ta ƙoƙarin feƙe shi, sannan aka bi da zarto.

"Ɓarawo ba ya feƙe waya a bango," ya ce a hankali.

"Wanda ya yi wannan so ya yi ya jona tasa wayar a jiki. Ya zaci irin ta roba ce, ka ɗan ɓare ka murɗa. Wannan kuwa in ka yanke ta, ba ka da kayan aikinta, ka gama. Ba ta haɗuwa da hannu."

"An taɓa roƙonka ka jona wa wani?"

Mai wayarin ya yi tsaki. "Layin da ba ya ɗaukewa? Wa bai roƙa ba? Mai burodi ya roƙa saboda firij ɗinsa. Tela ya roƙa. Har Yaya ya roƙa. Duk na ce musu batirin na numfashin mutum ne, ba na shan iska ba." Ya kalli ƙasa, ya yamutsa fuska. "Amma Baba, wannan garin ya yi yawa. Nata a danƙare yake, in ka yanka ɗan kaɗan ne ke zuba. Wannan kamar an fasa buhu."

Mai-Sawu ya dafa sanda ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya daɗe a haka. A gindin bango, ƙarƙashin inda aka yanka, akwai ɗan tsibin gari fari tas, ba abin da ke motsi a kansa. Amma layin da ya miƙe zuwa titi ya yi baƙi da kiyashi, suna ta jigila, kowanne da ɗan farin kaya a baki. Ya lakato na gindin bangon ya ɗanɗana, ya tofar. Ya lakato na layin, ya murza da yawu, sai ya yi danƙo.

Ya ɗebi kaɗan daga kowanne, ya miƙe ya nufi gidan burodi.

* * *

Mai burodi yana bakin tanda, gumi na zuba, hannuwa fari fat har gwiwa.

"Fulawa ce aka zuba a lungu," in ji Mai-Sawu. "Kai ne mai fulawa a layin nan. Kai ne ka nemi a jona maka wuta aka hana ka. Bangonka ne ɗaya gefen. Me ka ce?"

Mai burodi ya ajiye faranti da ƙarfi. "Ni? Tsohon nan da yake aiko min da gaisuwa ta taga? Baba, ka tsufa, amma kada ka zage ni a shagona."

Mai-Sawu ya buɗe tafin hannunsa, ya nuna masa abin da ya ɗebo. Mai burodi ya sunkuya, ya tona da farce, sai ya ja da baya kamar an nuna masa mushe.

"Wannan ce za ka ce tawa? Dubi ƙwari a ciki! Shinshina, har ta yi warin ajiya. Ni buhu ba ya kwana biyu a nan. Ka ce min ɓarawo na haƙura, amma kada ka ce ina yin burodi da wannan. Wannan fulawar gida ce, wadda aka manta a gwangwani."

Ya jawo buhunsa ya buɗe, ya tilasta wa Mai-Sawu ya cusa hannu. Fulawar fara sol, laushi kamar hoda, ba ƙwaro ko ɗaya.

"Ka yi haƙuri," in ji Mai-Sawu.

"Ban haƙura ba. Ƙwari!"

* * *

Mai-Sawu ya sami Auta a tsakar gida zaune a kan bokiti, waya a cinya, tana jiran kiran gwaggo.

"'Yata, kuna da fulawa a gidan nan?"

Ta ɗago da mamaki. "Akwai wata tsohuwa. Tun da Baba ya kwanta ban sake taɓa ta ba."

Ta kai shi kicin, ta miƙa hannu saman kanta, sai ta tsaya. Gwangwanin ba ya inda yake zama, yana ƙasa kusa da risho, murfin a karkace. Ta buɗe. Ya yi rabi, ga shacin manyan yatsu a ciki, ƙwari na yawo.

Mai-Sawu ya fito ya tsaya a gindin matakalar bene. An goge ta da ruwa ba da daɗewa ba. Amma da ruwan ya bushe, sai ya bar farin zane a kan kowane mataki, ya taru a kusurwoyi. Ya shafa da yatsa. Ba danƙo. Ba kiyashi.

"Ke kika goge nan?"

"Ni da na fita tun safe?"

"Yayanki yana goge-goge?"

Ta buɗe baki za ta yi dariya, dariyar ta maƙale. Ta kalli matakalar, ta kalli ƙofar da ke sama, ta dafa bango.

"Baffa, a'a."

"Ban ce komai ba tukuna. Kira min 'yan sanda, sannan ki tara min mutanen nan a tsakar gida. A fito da wancan bawan Allah, a ba shi kujera. Kujera na ce, ba ƙasa ba."

* * *

Rana ta yi sanyi lokacin da suka taru. Tela, mai burodi, mai wayarin, matan makwabta a bakin ƙofa, da samarin da suka yi dukan, sun jingina da bango suna kallon ƙasa. Yaya ya kawo wa Mai-Sawu ruwan sanyi a kofi. Mai-Sawu bai karɓa ba.

Ya shimfiɗa takarda biyu a ƙasa, ya zuba gari a kan kowacce.

"Wannan na cikin waya ne, dutse ne. Wannan fulawa ce. Ku da kuke da ido ba ku bambance ba, kiyashi da ba shi da makaranta ya bambance. Layin da kuka bi har kuka karya wa mutum hannu, fulawa ce aka ɗebo daga kicin ɗin gidan nan, aka zuba muku kamar yadda ake zuba wa kaji tsaba. Kuka kuwa bi."

Tela ya sunkuyar da kai.

"Garin gaskiya bai fita titi ba. Sama ya hau." Ya nuna matakala da sanda. "An bi shi da tsumma, amma dutse ba ya narkewa a ruwa."

"Baffa," in ji Yaya, murya a sanyaye, "wataƙila a takalmina na kwaso, da na sauko na shiga lungun bayan ihun Auta."

"Wa ya goge matakalar?"

"Ni. Na ga datti."

"Ubanka na hanyar asibiti tsakanin rai da mutuwa, kai kuma ka ga datti." Mai-Sawu ya juya ga mai wayarin. "Hau ɗakinsa. Kai da mai burodi. Ku duba ƙarƙashin gado, ku duba bayan kabad."

Yaya ya yi wuf ya tare matakalar. "Ba wanda zai shiga ɗakina!"

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji mai burodi, ya ɗauke shi gefe kamar buhu.

Ba su daɗe ba suka sauko. Mai wayarin na riƙe da jan ƙarfen a lanƙwashe, an naɗe shi da zanin gado. Mai burodi na riƙe da zarto da wata doguwar wayar roba sabuwa, wadda aka ɗaura wa soket a baki ɗaya.

Yaya ya zame ya zauna a kan matakin farko.

"Zafi ne," ya ce. "Ɗakina kamar tanda. Fanka kawai nake so in kunna, da talabijin. Na ce in kashe injin na ɗan lokaci in jona in mayar, ba zai ma farka ba. Da na yanka sai gari ya zubo, wayoyin suka ƙi kamuwa. Na yi, na yi, suka ƙi. Tsoro ya kama ni. Wallahi ban yi nufin..."

"Rufe min baki!"

Sandar Mai-Sawu ta daki siminti har matan bakin ƙofa suka zabura.

"Yankan da ka yi wauta ce, kowa na iya wauta. Da a lokacin ka fito titi ka yi ihu, da mutanen nan sun ɗauki ubanka a ka sun kai shi asibiti yana numfashi. Amma me ka yi? Ka tsaya ka ɓamɓare waya daga bango. Ka hau sama ka ɓoye. Ka sauko ka shiga kicin ka nemo fulawa. Ka bi lungu kana barbaɗawa a nutse, har gindin baron mutumin da ke barci. Ka ɗauko bokiti da tsumma. Ka canza riga. Duk wannan, tagar ubanka na nan a lungun, kana wucewa kana jin yadda yake jan iska ba ta zuwa. Ka sami lokacin komai, ban da shi."

Ya nuna mai gwangwan.

"Sannan ka tsaya a gaban jama'a, wannan na nishi a bayan ƙofa, ka ce ka yafe masa. Ka yafe masa! Na bi ɓarayin shanu da suka kashe makiyayi, ban taɓa jin wanda ya yi rashin kunya irin wannan ba."

Ɗaya daga cikin samarin ya zaburo da gora. Mai-Sawu ya tare shi da sanda a ƙirji.

"Koma. Hannunka bai huce daga na farko ba kana neman na biyu? Kai ma sunanka na cikin waɗanda zan ba 'yan sanda."

Sai wayar Auta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta rufe baki da tafin hannu.

"Ya farfaɗo," ta ce. Aka yi ta hamdala. Amma ba ta sauke wayar ba, fuskarta kuma ta sauya. Ta ce, "Gwaggo, sake faɗa," ta danna yadda kowa zai ji.

Muryar gwaggo ta cika tsakar gidan. "Na ce ya yi magana. Ya ce ya ga wanda ya yi ta taga. Ya ce baƙo ne, bai san fuskarsa ba, wani mai baro. Ya ce kada a wahalar da kowa a gida, a bar maganar."

Yaya ya ɗago kai. Wani ɗan haske ya shigo idonsa, ya kalli ƙanwarsa.

Mai-Sawu ya dafa sandarsa, yana tunanin tsohon. Abokinsa ne, sun yi kiwo tare, bai taɓa jin ya yi ƙarya ba. Yau ya dawo daga bakin kabari, kuma numfashin farko da ya samu ya kashe shi wajen rufa wa ɗansa asiri da fatar wani. Ya rasa wanda zai fi jin haushi. Ya kalli mai gwangwan, wanda ya ji komai, ya kuma sunkuyar da kai kamar wanda ya saba.

A waje aka ji tsayuwar mota, da rufe ƙofofi.

"Auta," in ji Yaya a hankali, "kin ji abin da Baba ya ce."

Ta kashe wayar. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Na ji. Baba ubanka ne, yana da ikon ya yafe maka numfashinsa. Hannun wannan mutumin kuwa ba na Baba ba ne."

Ta karɓi jan ƙarfen daga hannun mai wayarin, da zanin gadon da komai, ta je ta tari 'yan sandan a bakin ƙofa da kanta.

Mai-Sawu ya taimaki mai gwangwan ya miƙe, ya cire rawaninsa ya rataye masa hannun a wuya. Mutane suka dare suka ba su hanya, ba wanda ya iya haɗa ido da su. A bakin ƙofa tela ya matso yana murza hannu.

"Malam, don Allah ka yafe mana. Sharrin shaiɗan ne."

Mai gwangwan ya tsaya, ya dube shi da idon da ya rage a buɗe.

"Yau na ga yadda ake yafiya a layin nan," ya ce. "Ku bari tukuna a ɗora min hannu."